Yoyon Birki a Hanyar Argungu

Tun da na dawo daga Kabi ban huta da tambaya ba. A ofis a tare ni, a majalisarmu ta bayan la'asar a tare ni, musamman Malam Lawal, Bakatsinen nan da ya ɗauki tsokanar Bakabe kamar aikin da aka ɗora masa. Shi a wurinsa wai kifi kawai na je ci. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya sake tambaya sai in miƙa masa takarda ya karanta da kansa.

Akwai abin da ban taɓa gaya muku ba, kuma in ban faɗe shi ba sauran labarin ba zai zauna ba. Kafin wannan tafiya, shekara goma sha ɗaya rabona da garinmu Argungu. Shekara shida da suka wuce mahaifiyarmu, Inna, ta rasu. Wasiƙa ta same ni a nan Kano, na ce bari a gama jarrabawar ƙarin girma in tafi. Aka gama, sai na ga na makara, kunya ta kama ni. Na ce bari kunyar ta ragu, ita kuwa kullum ƙaruwa take yi. Yayana Manu, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu da abin da yake samu a kanikanci, tun daga lokacin bai sake amsa wasiƙata ba. Wurinsa na nufa, in ji ko har yanzu ina da ɗan'uwa a duniya.

Kun san motar. Tsohuwar jif ce irin ta ma'aikatan gona, koriya, mai rufin tamfol, na saye ta a gwanjo. Ba don ina bukatarta na saya ba. So nake in shiga garinmu a cikin mota, mutane su ce ai ga abin da ya riƙe shi a birni. Wautar ba ta bayyana mini ba sai daga baya.

Na bar Kano bayan sallar asuba. Har Funtuwa motar ba ta yi mini gardama ba, sai dai ƙara da zafi. Bayan Yankara, inda ake shiga ƙasar Zamfara, akwai shingen 'yan sanda, ganguna biyu da katako a kai. Na hango shi tun daga nesa, na taka birki, sai na ji ƙafata ta nutse fiye da yadda ta saba. Na sake takawa, na sake, motar ba ta tsaya ba sai da hancinta ya ture katakon ya faɗi. Wani saje mai furfura ya tako a hankali, ya leƙo, ya dubi tsagen da ke kumatuna.

Ya ce, "Bakabe, ina kaka zuwa da gaugawa hakanan?"

Na shiga ba shi haƙuri, ina bayani. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Huska ta Kabi, baki na Kano. Sauko ka diba abin da motakka taka yi."

Na sauka. Ya nuna mini cikin tayar baya ta hagu, ta jiƙe sharkaf da mai, yana bin roba yana ɗiga a ƙasa. Man birki ne ke yoyo. Ya ce in lallaɓa zuwa Gusau in sayi mai in riƙa ƙarawa. Na gode masa na tafi, amma ba yoyon ne ya tsaya mini a rai ba. "Ina kaka zuwa" ɗin nan ne. Rabon da wani ya yi mini magana da harshen gidanmu har na manta, kuma da na buɗe baki in mayar masa da irinsa, Kananci ne ya fito.

A Gusau na sayi gwangwani biyu na man birki. Daga nan tafiyar ta koma tsaye-tsaye: in yi tafiya kaɗan, in tsaya, in ɗaga bonet, in ƙara mai. A Mafara na sayi hoce wurin wata tsohuwa. Ku Kanawa ba ku san shi ba, dawa ce ake gasawa ta yi tauri, matafiyi ya riƙa gutsura yana bi da ruwa. Da Malam Lawal ya gan shi da ya ce bulo ne. Ni kuwa na ci biyu a tsaye, don shi Inna take ƙulle mini a gefen jaka duk sanda zan koma makaranta.

Na kwana a Sakkwato a wani masauki kusa da tasha, ɗakin da ya fi motar zafi. Da safe na iso mararrabar da hanyar Argungu ta rabu. Daga nan tafiyar ba ta da yawa, da na bi ta da kafin azahar ina ƙofar gidanmu. Na rage gudu, na kunna sigina, sannan na wuce. Na miƙe hanyar Tambuwal da Jega, na zagaya ta Birnin Kabi, ina gaya wa kaina wai ya kamata in fara gaida Gwaggo Kulu, ƙanwar mahaifinmu. Tsoro ne kawai, ba wani zumunci ba.

Kafin in je gidanta na tsaya a wani gareji ta wajen Badariya, wurin wani bakanike Malam Tukur. Abin da na fara lura da shi, ba a hanzarin gaisuwa a can. A Kano bakanike yana amsa sallamarka kansa na cikin inji. Malam Tukur sai da ya goge hannu, ya tambayi gida, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Kano kamar ya san su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sa jak. Ya cire tayar da murfin ƙarfen da ke bayanta, ya nuna mini wata 'yar silinda da ba ta fi babban yatsa biyu ba. Ita ce ke tura birki ya kama taya, kuma robar da ke cikinta ce ta tsage.

Ya ce, "Robag ga ba mu da irinta nan. Motocin ga sun ƙare, sai ɗai-ɗai. In kana son ta, sai ka tai Argungu, wurin Manu Birki. Shi ad da su cikin gwangwanaye tun sa'ad da motocin ga ka yayi."

Ya ce, "Ka san shi?"

Na ce na taɓa jin sunan. Allah Ya yafe mini wannan amsa.

Ya ce, "Bawan Allah. Idanunai sun tahi, shekara ukku ke nan. Amma har gobe babu mai hannunai ga birki duk ƙasag ga."

Ya mayar da tayar yana ta ba ni labarin wani abu daban, ni kuwa ban ji ko kalma ɗaya ba. Shekara uku yayana ba ya gani, kuma a bakin baƙo na ji.

Gwaggo Kulu tana tsohon gari, gidan da in ka fita bayansa kake hango fadama. Ta tsufa ƙwarai amma bakinta na nan yadda na bar shi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Nomau, ashe kana da rai." Sunana na gida ke nan, Malam Umarun da kuka sani a Kano ya tsaya. Ta sa aka kawo tuwon shinkafa da miyar sure, wato yakuwa a bakinku, da bandar kifi a ciki. Abin da kuke jira sai da salla ko biki, can shi ne tuwon kowace rana. Na ci loma uku na kasa. Na tambaye ta me ya sa ba wanda ya rubuto mini zancen idon Yaya.

Ta ce, "Shi yah hana. Yac ce wanda bai zo ma uwatai ba, kada shi zo ma ido."

Na ce, "Gwaggo, ko za ki raka ni?"

Ta ce, "Ni nir raka ka Kano? Yadda kat tahi kai ɗai, hakanan za ka koma."

Washegari da hantsi na kama hanyar Argungu da ɗan abin da ya rage a gwangwani na biyu. Kafin Ambursa ya ƙare. Ina cikin lissafin yadda zan yi sai ga jakuna huɗu da buhunan albasa sun hau titi. Na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa ba abin da ya tare ta. Na karya sitiyari na sauka gefe, motar ta gangara ta shige cikin wani tarin karan shinkafa, ta tsaya a can. Jakunan ko waiwaye ba su yi ba.

Mai tarin ya baro gonarsa ya zo, wani dogon mutum mai suna Arzika, laka har gwiwa. Bai tambayi karansa ba, lafiyata ya tambaya. Da na gaya masa mai ne ya ƙare, sai fuskarsa ta washe.

Ya ce, "Mai na kaka biɗa? Ai ga shi can ga injin ban-ruwa, galan guda."

Na tambaye shi ko irinsu ɗaya da na birki. Ya ce, "Malam, mai dai ba mai na ba?"

Ni da takardun shaida uku a bango sai na yarda da shi. Muka cika 'yar tukunyar man birki da baƙin mai na inji, na yi ta taka birki har ya ɗan dawo. Ya kira maƙwabtan gona suka turo ni kan titi, ya kuma jefa mini albasa kusan rabin buhu a baya, wai in kai wa mutanen gida. Na tafi ina sa masa albarka, kuma har yau ina sa masa, don da zuciya ɗaya ya yi.

Da giya ta biyu na ƙarasa. Tun kafin in ga gari na ji shi, warin gulbi da hayaƙin banda. Na wuce mutane da homar kamun kifi da gora a kafaɗa suna dawowa daga su a gulbi, ban gane kowa ba, ba wanda ya gane ni. Motar da na saya don a kalle ni, yara ma ba su bi ta ba.

Yaya Manu yana nan inda na bar shi, gindin durumin ƙofar gidanmu, a kan tabarma, da wani ƙarfe a cinyarsa yana shafawa. Gemunsa ya yi fari fat. Duk maganar da na shirya tun daga Kano ta gudu. Na yi sallama kawai. Hannunsa ya tsaya cak. Ya amsa, sannan ya ce, "Mai mota, bismilla. Mi ad damuwatta?"

Ya gane ni, ba shakka a wannan. Matarsa Hajo ma da na shiga gaishe ta, kafin in gama sallama ta fashe da kuka tana kiran sunana. Shi dai ya zaɓi abin da zai kira ni ne. Na koma waje na ce masa birki ke yoyo. Ya tashi, ya bi jikin motar da hannu har ya kai bonet, ya buɗe 'yar tukunyar, ya tsoma yatsa, ya murza, ya kai hanci.

"Wa az zuba mata baƙin mai?"

Na ce ni ne.

"Karatun ke nan?"

Ya yi mini bayani kamar yadda ake yi wa kowane mai mota. Robar birki ba ta shiri da man inji, kumbura take yi ta ruɓe. Da roba ɗaya ce ta lalace, yanzu duk sai an sauya: ta ƙafa huɗu, da ta masta, wato babbar silindar da ke bayan abin takawa, a kuma wanke bututan gaba ɗaya. Na ƙafafun yana da su. Ta mastar sai an aika Sakkwato wurin wani direban babbar mota da ya sani.

Ya ce, "Kwana ukku. In birki ya kama, ka kama hanya."

A kwana ukun nan na ga abin da ban taɓa gani ba. A Kano in mutum yana fushi da kai, gaisuwa yake hana ka. A gidanmu girma ake ƙara maka. Aka share mini ɗakin zaure, aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka kawo abinci a kwanon sha-ka-faɗi na baƙi da murfinsa, har da cokali. Ni da muka tashi muna sa hannu a akushi ɗaya da shi. Ina jin sa a tsakar gida yana cin nasa, ni ina zaure da cokalina. Da duka ya yi mini da ya fi sauƙi. Ɗakin Inna na leƙa sau ɗaya, buhunan shinkafa ne a ciki, sai ƙusar da take rataye carbinta.

Da rana ina zaune kusa da shi yana aiki. Gwangwanayen madara ne jere a cikin wani akwatin katako, kowanne da irin robar da ke ciki. Ya sa hannu ya ɗauko, ya zagaya bakinta da yatsa, ya ce wannan ta bushe, ya jefar, ya ɗauko wata. Ya kwance silinda huɗun, ya wanke su da sifirit, ya bi cikinsu da ɗan yatsa yana neman inda tsatsa ta ci. Bai taɓa ajiye noti ya neme shi ba. In yana son sifana sai ya miƙa hannu ya faɗi lambarta, in sa masa. Iyakar hirarmu ke nan. Sau biyu na fara, "Yaya, game da Inna," sau biyun ya ce, "Miƙo mani tsumma."

Rana ta uku da yamma robar mastar ta iso. Rana ta huɗu da hantsi ya gama ɗaure komai, ya cika tukunyar da man birki na gaskiya. Jakata tana ɗaure a zaure. Saura abu ɗaya, cire iska. In an kwance birki iska takan shiga bututu, kuma muddin tana ciki abin takawa laushi zai riƙa yi. Aikin ba ya yiwuwa ga mutum ɗaya. Wani zai zauna a kujerar direba yana takawa, wani ya kwanta a ƙasa yana sassauta wani ɗan noti mai huji a bayan kowace taya, iskar ta fito tare da mai. Na ƙasa ba ya jin abin da ƙafa ke ji, na sama ba ya ganin abin da ke fita, dole kowa ya gaya wa ɗan'uwansa.

Ya ce, "Hau." Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi, ta tayar baya. Ƙafafunsa kawai nake hangowa in na leƙa.

"Taka. Taka. Taka. Riƙe."

Na riƙe. Na ji ya sassauta notin, iska ta yi tsartuwa, ƙafata ta nutse a hankali har ƙasa.

"Saki. Taka. Riƙe."

Ina riƙe sai na ji muryarsa ta fito daga ƙarƙashin motar, ba da ƙarfi ba. "Inna ba ta wahala ba. Kwana biyat tay yi kwance. Ran na shidda bayan azahar tac cika."

Na buɗe baki, ya ce, "Kada ka ɗaga ƙahwa. Riƙe."

Haka muka yi tayar farko. Ya ja buhunsa ya koma ta biyu. A nan ya gaya mini duk shekara in ruwa ya janye takan zaɓi manyan kifi ta yi banda ta ajiye, wai ko Nomau zai zo, in damina ta kusa ta rabar. Ya gaya mini wanda ya yi mata salla, da inda aka sa ta, kusa da mahaifinmu. Yana faɗa yana cewa taka, yana cewa saki. Ni ina sama na riƙe sitiyari da hannu biyu, hawaye na zuba a rigata, kuma na gode Allah da ba wanda ke ganin wani.

Na ce, "Yaya, ka yafe mini. Ba ni da hujja."

Ya fito, ya laluba ya ƙara mai a tukunya, ya shige ƙarƙashin tayar gaba. Muka yi ta uku ba magana sai ta aiki. A ta huɗu ya daɗe bai ce in taka ba.

Can ya ce, "Na Inna, tsakaninka da Allah na, ita ta yahe maka tun tana da rai. Nawa daban na. Sa'ad da idanun ga sunka hwara, likita ya hwaɗa mani tahiya za su yi. Shekara guda ina ganin dishi-dishi. Kullum in mota ta tsaya bakin hanya sai in ce shi na, bari in gan shi tun da sauran gani. Ba ka zaka ba. Yanzu huskad da nika da ita taka, ta saurayi ta, ko gemu babu." Sannan ya ce, "Ka yi hurhura?"

Na ce, "Na yi, Yaya. A gemu, da nan gefen kunne."

"Ƙiba hwa?"

"Kaɗan. Tumbi ne dai."

Na ji ya yi 'yar dariya ta hanci. "Awa Baba ke nan." Sannan ya ce, "Taka. Riƙe. Saki."

Wannan karon ba tsartuwa. Na ji man ya fita sumul, ya ɗaure notin. Na taka, abin ya tsaya tun daga sama, da tauri kamar na taka dakali. Ban taɓa jin birkin motar nan ya kama haka ba tun da na saye ta. Aiki ya ƙare, rana ba ta ma take ba, in na tashi yanzu zan yi la'asar a Sakkwato. Shi ma ya sani, don a kan yatsansa man ya zuba, ya ji babu sauran kumfa.

Ya ce, "Nomau, ƙaƙa kaj ji shi? Ya yi tauri?"

Na dubi ƙafafunsa da suka leƙo daga ƙarƙashin motar, duk faso, ɗaya ba takalmi.

Na ce, "Da saura, Yaya. Har yanzu da laushi."

Sannan na ji ƙarar buhu yana jan sa a ƙasa, ya nufi tayar baya, inda muka fara.

Ya ce, "Ni ma hakanan niz zata. To, taka."

Na taka.